Fom Ya Ce "An Karɓa", Uwar Garke Ba Ta Gani Ba

Jawabin da aka gabatar a dandalin muhawara na ƙungiyar ɗalibai, a madadin ayarin ɗaliban da suka yi aikin hutu a karkara.



Da aka nemi mu zo mu faɗi abin da muka koyo a aikin hutu, sai da muka yi gardama tsakaninmu, domin abin da muka fi koyo ba abin alfahari ba ne. Kuskure ne aka tafka da hannunmu, wanda kuma ya ɗauki asararsa ba ya cikin wannan zaure. Yana can ƙauyensu tsakanin Dambatta da Makoɗa, bai san me ake kira intanet ba balle uwar garke, amma ya san cewa damina ba ta jiran kowa. Saboda haka muka yanke shawara mu faɗi yadda abin ya faru, mu kuma bayyana yadda muka bi sawunsa, ko wani daga cikinku zai tsira daga irinsa.

Wanda ya taɓa bin hanyar Kazaure ko ta Bichi ya san irin ƙasar da muke magana a kai. Gona na jingine da gona, ba daji ba saura, daga wannan ƙauye kana hango rimin wancan. Tun cikin shekarun 1960 wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da Birnin Kano, ya nuna yadda jama'a masu yawa suke noma fili guda kowace shekara ba tare da sun bar shi ya huta ba. Abin da ya riƙe wannan ƙasa shi ne taki: kashin dabbobi, toka, sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, daga baya kuma takin zamani. Gonar da ba ta hutawa, in ba ta sami taki a kan kari ba, gero ya yi ja, dawa ta tsumbure, rumbu ya tashi da rabi.

To, yau hanyar samun takin rangwame ta biyo ta cikin waya. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin da manomi zai yi rajista, a aiko masa da saƙo ta waya, ya je ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Wannan shiri ya wuce, amma al'adar da ya kafa tana nan: duk wani tallafi, ko na gwamnati ko na ƙungiya, sai an cika fom. Haka lambar ɗan ƙasa da aka tilasta haɗa ta da layin waya tun Disambar 2020, haka rajistar jarrabawar shiga jami'a da dukanmu muka sha. Wanda sunansa bai shiga kwamfuta ba, a wurin hukuma kamar ba a haife shi ba ne.

Mu shida muka tafi cikin bazara, muna taimaka wa wata ƙungiya rubuta sunayen manoman da za a ba kamfa da yuriya. Aikin ba wuya a ido. Mu zauna a gindin bishiya a ƙofar gidan mai unguwa, manomi ya zo, mu buɗe fom a waya, mu rubuta sunansa da ƙauyensa da lambar wayarsa da girman gonarsa, mu ɗauki hotonsa, mu danna maɓallin aikawa. Nan take sai wani koren rubutu ya fito: an karɓa. Mu ce masa, "Baba, shi ke nan, ka shiga." Ya sa mana albarka ya tafi. Da aka yi ruwan shuka aka kafe jerin sunaye, sai aka aiko mana cewa ƙura ta tashi. Muka koma. Wani dattijo da muka rubuta da hannunmu ya tare mu, bai ɗaga murya ba, ya ce, "'Ya'yana, ba ku ne kuka nuna mini koren rubutu ba? To, ina sunana?" Ba mu da amsa. Maƙwabcinsa kuwa sunansa ya fito har sau uku, aka ɗauke shi macuci, aka soke duka ukun.

Domin a gane abin da ya faru, dole mu ɗan koma baya. A farkon zamanin shafukan intanet, in mutum ya cika fom ya danna maɓalli, shafin gaba ɗaya yake ɓacewa, allo ya yi fari, a jira har babbar kwamfutar da ke can nesa, wadda ake kira sabar ko uwar garke, ta aiko da sabon shafi. Hanya ce mai nawa, amma ba ta da munafunci: in saƙo bai je ba, za ka ga bai je ba. A 1999 kamfanin Microsoft ya sa wata dabara cikin manhajarsa ta Internet Explorer 5, wadda ta ba shafi damar aika saƙo ta bayan fage, shi kuwa yana nan tsaye a gabanka bai motsa ba. Gmail ya yi amfani da ita a 2004, taswirar Google a 2005, a watan Fabrairu na shekarar kuma wani Ba'amurke, Jesse James Garrett, ya raɗa wa salon suna Ajax. Yau kusan kowane fom haka yake aiki. Misalinsa kamar maigida ne ya aiki yaro kasuwa ya ci gaba da hira da baƙi. Daɗin abin shi ne ba a tsaya jira ba. Haɗarinsa kuwa shi ne, abin da baƙo zai ji game da aiken ya dogara ne kacokan ga abin da maigida ya ga dama ya faɗa. Koren rubutun nan ba uwar garke ce ta rubuta shi ba. Wanda ya gina fom ɗin ne ya ajiye shi cikin wayar tun farko, ya ce a nuna shi in sharaɗi kaza ya cika. In ya kuskure sharaɗin, fom zai yi ta yin ƙarya da fara'a.

Da muka sami izinin duba fom ɗin, tambayar farko da muka yi wa kanmu ita ce: shin saƙon ya bar wayar kuwa? Wannan ba ya bukatar duba ko bugun ƙasa. Kowace manhajar buɗe shafuka ta kwamfuta tana da wata taga ta magina, a Chrome da Firefox ana buɗe ta da maɓallin F12, a cikinta akwai sashen da ke jera duk saƙon da ya fita da amsar da ta dawo. Wayar Android ma ana iya jona ta da kwamfuta ta igiya a leƙa cikinta haka nan. Muka cika fom da sunan gwaji, muka ga saƙo ya fita, amsa ta dawo da lamba 200. Lafiya lau. Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, kowace amsa daga uwar garke tana zuwa da lamba mai alƙaluma uku. Ta gidan 200 tana nufin an yi nasara. Ta gidan 400 tana nufin laifin daga mai aikowa ne: 404 babu abin da ka nema, 401 ba a san ka ba, 413 kayanka sun yi nauyi. Ta gidan 500 kuwa uwar garke ce da kanta take cewa ta yi tuntuɓe.

Sai ɗayanmu, wata 'yar'uwa da ke shekarar ƙarshe, ta ce mu daina gwaji da sunayen da muka ƙaga, mu ɗauko sunayen waɗanda suka ɓace. Da muka jera su sai abin ya fito fili. Da yawansu suna da hamza, watau ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama, irin na Sa'idu da Mu'azu da Rabi'u da Sa'adatu. Dattijon namu yana cikinsu. Muka rubuta irin wannan suna muka aika: amsa ta dawo 500, amma fuskar wayar ta nuna an karɓa, kore shar.

Laifi biyu ne suka haɗu a nan, kuma ya kamata a raba su. Na farko yana can wurin uwar garke. A harshen da ake yi wa rumbun bayanai magana da shi, wannan ɗan waƙafi shi ne alamar buɗe zance da rufe shi. Magini ya ɗauki sunan manomi ya liƙa shi kai tsaye cikin jimlar umarni, saboda haka da rumbu ya karanto "Sa" ya ci karo da waƙafi, sai ya ɗauka sunan ya ƙare, ragowar "idu" ta zama masa tatsuniya, ya ƙi umarnin gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne, domin ta wannan kafa ce ɓarayin intanet suke cusa nasu umarnin su kwashe rumbu ko su share shi. Maganinsa sananne ne tun da daɗewa: a aika umarni daban, a aika suna daban, kada a cuɗanya su. Laifi na biyu yana cikin wayar, kuma shi ne ya fi ba mu haushi. Dabarar aikawa da aka fi amfani da ita yanzu, wadda ake kira fetch, ba ta ɗaukar 500 ko 404 a matsayin faɗuwa. A wurinta, muddin amsa ta dawo, aike ya cika, ko da amsar ita ce "ban karɓa ba". Sai in hanya ta yanke gaba ɗaya take kuka. Wajibin magini ne ya buɗe amsar ya duba lambarta. Namu bai duba ba. Yaro ya dawo daga kasuwa, aka ce madalla, ba a tambaye shi ko ya sayo ba.

Sauran kurakuran da muka tono ba za mu daɗe a kansu ba. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun koma alamar tambaya a rumbu saboda ba a daidaita shi da tsarin UTF-8 ba, sai Ɗanladi ya zama wani abin da ba ya karantuwa. Lambar waya an ajiye ta a matsayin adadi, sifirin farko ya zube. Izinin shiga da muke karɓa da safe a gari yana ƙarewa bayan 'yan sa'o'i, daga nan uwar garke sai ta riƙa maido da shafin "shigar da kalmar sirri" da lamba 200, fom kuwa ya ƙirga shi nasara. Aikin la'asar na wasu ranaku haka ya bi ruwa.

Batun mutumin da ya fito sau uku shi ne ya fi zurfi, kuma a nan ne karkara ta bambanta da ofis. A ƙauyen da muka zauna sabis yana zuwa ne yana ɗaukewa kamar iskar bazara. Wani lokaci sai an hau tudu ko an ɗaga waya sama. Hoton da wayar zamani take ɗauka yana da nauyi, fom kuwa bai rage shi ba kafin aikawa. Sai mu danna, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, manoma na jira cikin rana, mu ƙosa mu sake dannawa, mu kuma sake. Ashe duk ukun sun isa. Abin lura shi ne, in waya ta aika saƙo ba ta ji amsa ba, ba ta da hanyar sanin ko saƙon ne ya ɓace a tafiya ko amsar ce ta ɓace a dawowa. Masana kwamfuta sun tabbatar tun cikin shekarun 1970 cewa a kan hanyar da ba ta da aminci babu dabarar da za ta kawar da wannan shakka ɗungum. Suna kiranta matsalar janar biyu. Abin da ake iya yi shi ne a sa maimaitawa ta zama ba ta da illa. Watau tun lokacin da aka buɗe fom a ba shi lambar shaida tasa shi kaɗai, ta bi shi duk inda ya je. In uwar garke ta ga lambar da ta riga ta rubuta, sai ta ce "na riga na karɓa", ba ta sake buɗe sabon layi ba. A kuma kulle maɓallin da zarar an danna shi. Aikin da bai fi na yini guda ba ke nan ga magini, rashinsa kuwa ya sa an kira mutumin kirki macuci a gaban 'yan garinsu.

Kada wani ya ce wannan ciwon ƙananan ƙungiyoyi ne da ba su da kuɗin ɗaukar gwanaye. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ma'aikatan zaɓe a rumfuna fiye da 176,000 aka ɗora wa aika hoton takardar sakamako daga na'urar BVAS zuwa shafin IReV. Na 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. A rahoton da hukumar zaɓe ta INEC ta fitar daga baya, ta ce manhajar tana jera sakamako ne jiha jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ɗaya ba ne, saboda haka uwar garke ta rasa inda za ta ajiye shi ta maido da amsar kuskure, kuma sai da dare ya yi kafin na farko ya shiga. Ba mu zo nan don mu yanke hukunci a kan siyasar al'amarin ba. Kotuna sun yi nasu, jama'a kuma kowa da ra'ayinsa. Abin da ya shafe mu shi ne, bisa bayanin hukumar da kanta, an gina abu ba a gwada shi da irin kayan da zai ɗauka ranar aiki ba. Ciwon fom ɗinmu ke nan, sai dai girma.

Ba kuma a ce ba a san magani ba. Tun 2008 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka suka fito da manhajar ODK domin irin wuraren nan namu, KoboToolbox ma a kan wannan tafarki take. Hikimarsu ita ce ba su ɗauka cewa akwai sabis ba. Fom yana fara kwanciya ne cikin wayar, ya shiga akwatin jiran tafiya, sa'an nan in an sami hanya ya tafi, kuma ba a mayar da shi cikin jerin waɗanda suka tafi sai uwar garke ta amsa. Fom na shafin intanet ma yana iya yin haka, domin manhajojin buɗe shafuka na yau suna da ɗan rumbu a cikinsu da ake kira IndexedDB. Da muka taya gyara namu, mun nace a kan cewa kalmar "an karɓa" ta yi arha da yawa. Muka raba ta uku, da Hausa: "yana cikin waya, bai tafi ba", da "ya tafi, ana jiran amsa", da "an rubuta, ga lambarka". Ta ukun kaɗai ce kore, lambar kuma daga uwar garke take fitowa bayan ta rubuta sunan a rumbu. Ita muke kwafa a 'yar takarda mu miƙa wa manomi. Littafi na takarda kuma yana nan a hannun mai unguwa, kowace magariba a ƙirga sunayen da ke cikinsa a gwada da adadin da uwar garke ta ce ta karɓa. Wasu abokanmu sun yi mana dariya, wai mun koma zamanin da. Mu dai mun ga da an yi wannan ƙirga tun daren farko, da kuskuren bai kwana biyu ba.

Ga 'yan'uwanmu masu koyon gina manhaja, akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Muna gwada aikinmu a ɗakin kwamfuta, da sabis mai ƙarfi, da sunan John Smith da muka kwafo daga littattafan Turawa, in ya yi aiki sau ɗaya mu ce mun gama. Alhali a cikin tagar nan ta F12 akwai wurin da ake rage gudun sabis da gangan, ko a yanke shi gaba ɗaya, a ga abin da fom zai yi. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa taɓa shi. A gwada da Mu'azu, a gwada da Ɗanjuma, a gwada da ƙauyen da sunansa ya fara da 'Yan, a gwada da mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba, da mata uku da ke amfani da wayar maigida guda. A kashe sabis ana tsakar aikawa. A bar fom a buɗe tun hantsi a aika shi bayan la'asar.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, ku ne kuke sa hannu a karɓi irin wannan aiki daga 'yan kwangila, galibi bayan an nuna muku shi a allo cikin ɗaki mai sanyi. Ba sai kun iya rubuta manhaja ba kafin ku yi tambaya. Ku ce a nuna muku abin da zai faru in sabis ya ɗauke. Ku ce a danna maɓalli sau uku a buɗe rumbu ku ƙirga layuka. Ku tambaya wa yake karanta kundin kurakuran uwar garke, kuma sau nawa a mako. A namu, kowane 500 yana nan a rubuce da ranarsa da sa'arsa, babu dai wanda ya buɗe. In da hali, ku ɗauki ɗan kwangilar a mota ranar Lahadi ku kai shi kasuwar Dambatta, ya yi rajistar mutum ashirin a tsaye cikin cunkoso, kafin a biya shi kuɗinsa. Sa'an nan ku tanadi ƙofar da wanda sunansa ya ɓace zai ƙwanƙwasa, domin amsar da aka fi ba talaka ita ce "kwamfuta ba ta nuna ka ba", kamar dai kwamfuta alƙali ce da ba a ɗaukaka ƙara daga gabanta.

Dattijon nan an mayar da sunansa, amma sai bayan an gama noman firi, takin kuma ya iso lokacin da geronsa ya wuce bukatarsa. Ya sa wa 'yar dawarsa abin da ya sa, ya ajiye saura. Da muka je ba shi haƙuri ya ba mu ruwa da gyaɗa, ya ce mu gai da malamanmu. Mun isar da gaisuwar.

Kafin bazara mai zuwa za mu sake komawa, kuma muna bukatar ƙarin hannu. Duk mai sha'awa ya same mu a ɗakin kwamfuta ranar Alhamis bayan sallar la'asar. Wanda yake da tsohuwar waya, irin mai tsagaggen gilashi da batirin da ba ya kai azahar, don Allah ya zo da ita, da irinta muke son yin gwajin.